Ku Tambayi Mai Hoto: Hotunan Kafin Aure, da Fim ko da Dijital?

Duk shekara idan Sha'aban ya kama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan taru a kan magana ɗaya, domin a lokacin ne iyaye a zangunanmu na Gana suke gaggawar aurar da 'ya'yansu kafin a ga watan azumi. Bana ma haka aka yi, sai dai abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan masu tambaya a kan fim ɗin da ake sa wa kyamarar hoto, abin da na ɗauka ni da tsararrakina ne kaɗai muka rage muna tunawa da shi. Na zaɓi wasiƙu shida, na gajarta su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya daga wata budurwa, Aboabo, Kumasi: Baba, ina gaisuwa. An sa ranar aurena, kuma mai hoton da muka samu ya ce idan muka ƙara masa kuɗi zai ɗauke mu da kyamarar fim bayan ta dijital, wai hoton fim ya fi kyau. Mahaifina ya ce fim ya mutu tun ina goye, yaron yana son ya ci kuɗinmu ne kawai. Wane ne mai gaskiya a cikinsu?

Amsa: 'Yata, Allah Ya sanya alheri, Ya nuna mana ranar lafiya. Mahaifinki yana riƙe da rabin gaskiya, mai hotonku yana riƙe da ɗaya rabin, kuma tunda ba zan taso zuwa Aboabo in raba musu gardama ba, bari in shimfiɗa miki maganar ki kai musu.

Fim ya yi doguwar jinya, amma ba a yi jana'izarsa ba. Kamfanin Kodak na Amurka, wanda ya daɗe yana cin kasuwar fim a duniya, bashi ya kai shi ga neman kariyar kotu a shekarar 2012, alhali kuwa wani injiniyansa ne, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko tun 1975. Kamfanin Fujifilm na Japan ya daina yin Pro 400H a 2021, fim ɗin da masu hoton aure a ƙasashen waje suke matuƙar so. Amma har gobe ana yin Kodak Portra da Kodak Gold, ana yin Ilford HP5 na baƙi da fari a Ingila, kuma a 2024 an fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Abin da ya mutu a wajenmu shi ne wuraren wanki. Lokacin da nake yaron shago ina koyon wannan sana'a, mutum ba zai taka daga Adum zuwa Kejetia ba tare da ya wuce wurin wankin hoto ba. Yau kuwa wanda ya ɗauki fim a Kumasi sai ya yi cigiya, ko ya aika da shi Akra, ko ya haɗa magungunan wanki da hannunsa a gida. A nan gaskiyar mahaifinki take.

Gaskiyar mai hoton kuma ita ce fim mai launi yana da haƙuri da haske. Idan rana ta daki farar shadda, kyamarar dijital takan kai wani matsayi ta sallama, wurin ya zama fari fat, ba zane ba ninki, kuma abin da ya ƙone a dijital ba ya dawowa. Fim yakan riƙe zanen shaddar ko da hasken ya wuce kima, yakan kuma sauko daga haske zuwa inuwa a hankali, shi ya sa fuska take yin laushi ba tare da an shafe ta a kwamfuta ba. Akwai kuma wasu layuka masu launi-launi da kan bayyana a hoton dijital idan aka ɗauki saƙa mai ƙananan zare, kamar kente ko batakari. Fim ba ya yin haka, domin ƙwayoyin da ke kama haske a jikinsa a warwatse suke, ba a jere layi-layi ba. Amma a cikin ɗaki, ko bayan rana ta faɗi, dijital ta yi wa fim fintinkau, wannan ba abin musu ba ne.

Ni dai abin da ya hana ni rabuwa da tsofaffin kyamarorina ba launi ba ne, natsuwa ce. Naɗi ɗaya na ƙaramin fim hoto 36 yake ɗauka, babban fim da ake kira 120 kuma 12 ne kacal idan hoton mai kusurwa huɗu daidai ne, kuma tunda daga waje ake shigo da shi da dala, duk dannawa ɗaya kuɗi ne. Wanda ya san haka ba ya dannawa sai ya duba: ya gyara wa amarya ɗaurin ɗankwali da baki, ya jira mai tallan ruwa ya wuce, ya jira ango ya saki numfashin da ya riƙe. Saurayi da budurwar da ba su saba tsayuwa kusa da juna a gaban idon mutane ba suna buƙatar wannan sararin fiye da kowa. Na sha ganin matasan masu hoto sun yi ta ɓarin hotuna ɗari-ɗari a yammaci ɗaya, har ango ya gaji, kwalliyar amarya ta narke, aka dawo gida aka rasa goma na kirki. Sannan ga daɗewa. Situdiyon Deo Gratias da ke Jamestown a Akra tun 1922 yake, kuma har yau ana fitar da hoto daga tsofaffin negatif ɗinsa, wato fim ɗin da aka wanke wanda ake buga hoto daga jikinsa. James Barnor, wanda ya buɗe situdiyon Ever Young a unguwar a shekarun 1950, ya kuma kafa wurin wankin hoto mai launi na farko a Gana wajen 1970, negatif ɗin da ya adana ne ya sa duniya ta san shi bayan ya tsufa. Ki tambayi yayyenki inda hotunan wayoyinsu na shekara goma baya suke.

Saboda haka ki yi wa mai hotonku tambaya uku kafin ki ba shi ko sidi ɗaya: wane fim zai sa, a ina za a wanke shi, kuma zai damƙa miki negatif ɗin a hannunki? Ta ukun ita ce babba, domin a yau akwai manhajojin da ke sa wa hoton dijital launin fim da ɓarɓashinsa, kuma ba kowane mai sana'a ne yake jin tsoron Allah ba. Ta biyun ma kada ki raina ta. Matakin farko na wanke fim mai launi shi ne a sa shi a ruwan magani mai zafin digiri 37.8 na tsawon minti uku da daƙiƙa 15, kuma idan zafin ya kauce ko maganin ya tsufa, sai ki ga fuskarki ta koma kore-kore. Idan ya amsa ukun ba tare da kame-kame ba, ku yi naɗi ɗaya ko biyu, dijital ta ɗauki sauran nauyin. Fim shi kaɗai kuwa ban yarda ba, musamman idan hoton ake jira a buga katin gayyata da shi.

Tambaya daga wani ɗalibi, Nima, Akra: Malam, na gaji kyamarar mahaifina, Pentax K1000, kuma abokina ya roƙe ni in ɗauke shi da wadda zai aura. Dukansu baƙaƙe ne sosai, kuma fararen kaya za su sa. Na gwada naɗi ɗaya a kan ƙannena, sai fuskokin suka fito duhu, wasu hotunan kuma da jan haske a gefe. Ina na yi kuskure?

Amsa: Ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinka, ya bar maka abin kirki. Tun 1976 aka fara yin wannan kyamara, kuma ba ta buƙatar batir don ta ɗauki hoto, ma'aunin haskenta ne kaɗai yake cin ƙaramin batir, shi ma yana shanye shi ne idan ka bar gilashin a buɗe ba murfi. Ka yi dabara da ka gwada ta a kan ƙannenka kafin ka tunkari amarya.

Jan hasken nan ba laifinka ba ne. A gefen ƙofar baya akwai wani siririn soso baƙi da ke hana haske kutsawa, kuma zafi da laimar Akra sukan narkar da shi ya koma kamar kwalta. Ka kai wa mai gyara ya kankare shi ya sa sabo, idan kuma lokaci ya ƙure, ka liƙe gefen ƙofar da baƙin salatif na masu aikin lantarki bayan ka sa fim. Ka cire gilashin ka haska shi da tocila ta baya. Idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, kuma takan sa hoto ya yi hazo. Daga yau kada ka sake ajiye kyamarar a jakar fata a ƙarƙashin gado, ka sa ta a mazubi mai rufuwa tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Duhun fuska kuwa laifin ma'aunin haske ne, ko in ce laifin yarda da shi ido rufe. Shi ma'aunin ba ya sanin amarya ba ya sanin bango. Duk abin da aka nuna masa yana ƙoƙarin mayar da shi toka-toka ne, tsakanin fari da baƙi. Idan farar riga ta cika masa ido sai ya ce haske ya yi yawa, ya umarce ka ka rage, rigar ta koma toka, fuska kuma ta nutse cikin duhu. Maganinsa shi ne ka matsa kusa har fuskar ta cika maka gilashi, ka daidaita allurar ma'aunin a kanta, sannan ka ja da baya ka ɗauka ba tare da ka kula da abin da allurar take yi ba. Da yake fuskar baƙa ce, wannan awon zai ba fim haske fiye da kima kaɗan, kuma abin da ake so ke nan, domin fim mai launi ya fi son ƙoshi a kan yunwa. Ni ma idan na sa fim mai lamba 400, wato lambar saurin kama haskensa, a kan 200 nake ajiye lambar kyamarar, in kuma bar mai wanki ya wanke shi yadda ya saba. Idan batir ya mutu maka a fili, ka tuna da tsohuwar ƙa'idarmu: a tsakar rana mai ƙarfi ka sa ƙofar haske a kan 16, saurin ƙyaftawa kuma a kan lambar da ta fi kusa da lambar fim ɗinka, idan ka shiga inuwa ka buɗe ƙofar zuwa 5.6. Da dijital kuwa akasin haka ake yi. A can farar riga ake karewa kada ta ƙone, a ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta matse ba, sannan a ɗago hasken fuska a kwamfuta.

Amma duk wannan lissafi bai kai zaɓen wurin tsayuwa ba. Kada ka tsayar da su a rana tsaka, inda ido zai zama rami, goshi ya yi ta ƙyalli. Ka kai su bakin inuwa, ƙarƙashin rumfa ko ƙofar zaure, fuskarsu tana kallon wajen da haske yake, ka sa ƙaninka ya riƙe farin ƙyalle ko farin kwali daga ƙasa ya mayar musu da haske. Baƙar fata ba ta buƙatar a yi mata ambaliyar haske, tana buƙatar haske mai faɗi daga gefe, wanda zai kwanta a kan kumatu ya fito da siffar fuska. Idan wani ya ce maka fim ba ya son baƙar fata, ka gaya masa cewa shekaru da dama katin da Kodak ke raba wa wuraren wanki don daidaita launi hoton Baturiya ne a jikinsa, shi ya sa injinan suka saba da farar fata. A yau mai yin sikan, wato mai mayar da negatif hoton kwamfuta, shi ne yake yanke hukuncin launi, saboda haka ka tsaya a kansa, ka nuna masa hoton mutanen a wayarka ya ga ainihin launinsu.

Fim ɗin da ba ka sa ba tukuna ka ajiye shi a firji cikin robarsa, ka fito da shi wasu sa'o'i kafin aiki, kada ka buɗe robar sai ya huce, in ba haka ba raɓa za ta kwanta masa. Kada ka bar shi a mota a rana, kuma da ka gama ɗauka ka kai wanki. Idan wani ɗan'uwa zai kawo maka daga waje, ya riƙe shi a hannu, ya roƙi jami'an filin jirgi su duba shi da ido, domin na'urar haska manyan akwatuna da sababbin na'urori masu suna CT suna lalata fim ko da sau ɗaya ya bi ta ciki.

Saura abu ɗaya, kuma da kunya nake faɗarsa. A shekarata ta biyu a wannan sana'a na ɗauki wani ango da amaryarsa tun la'asar har magariba, ina ta murna, sai na ga lambar kyamara ta wuce 36 tana tafiya ba ta tsaya ba. Ashe bakin fim ɗin bai kama ba tun farko, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Duk lokacin da ka ja hannun kyamarar da ke tura fim gaba, ka kalli maɓallin naɗewa na hagu. Idan yana juyawa fim yana tafiya, idan ya tsaya cik, to iska kake ɗauka. Kuma ka ari dijital ka rataya a ɗaya kafaɗar.

Tambaya daga wata uwa, Asawase, Kumasi: Malam, ɗana zai yi aure, yarinyar ta nace sai an yi hoton nan na kafin aure da suke kira firiwedin. Na ga irin waɗanda ake yaɗawa a waya, ana rungume juna tun ba a shafa fatiha ba. Mu a zamaninmu ba mu san wannan ba. In hana ne, ko in zuba ido?

Amsa: Hajiya, ina gaishe ku, Allah Ya ƙara girma. Ni mai hoto ne, fatawa kuma ta limaminku ce, amma abin da kowane ɗan makarantar allo ya sani shi ne baiko ba aure ba ne. An kai gaisuwa, an sa rana, an kai lefe, duk da haka yarinya tana nan a matsayin baƙuwa ga yaro har sai an ɗaura. Gaskiyarku ne kuma cewa abin sabo ne. A zamanin da na fara aiki, bayan biki ne ango da amarya suke zuwa shago, ita ta zauna a kujera da lallenta, shi ya tsaya a bayanta, labule mai zanen bene da fure yana bayansu. Kafin aure kuwa iyakarta yarinya ta ɗauki hotonta ita kaɗai, a ba ƙanwa ta kai a ɓoye.

Amma ban ba ku shawarar hanawa kai tsaye ba, domin abin da na gani da idona shi ne idan aka hana, sai su tafi ba da sanin kowa ba, wurin da ba kowa, wanda ya fi abin da ake gudu muni. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda gidaje da yawa suka kama yanzu: a ɗaura aure tukuna, a yi hoton a kwanakin da ke tsakanin ɗaurin aure da kai amarya. Ta haka yaran sun samu abin da suke so, an samu hoton da za a nuna a wurin walima, babu kuma wanda zai ɗaga muku gira. Idan kuwa dole sai kafin ɗaurin, to a tafi da yayarta ko gwaggonta, a gaya wa mai hoto iyakarsa tun a gida, kada a bari sai an je fili yana cewa a matso, a matso. Idan yarinyar za ta fi sakewa a gaban mace, akwai mata masu wannan sana'a a Kumasi da Akra, kuma ba yau suka fara ba: marigayiya Felicia Abban ta buɗe situdiyonta a Jamestown tun a shekarun 1950, har ta riƙa ɗaukar Kwame Nkrumah.

Bari in ƙara da ra'ayina na mai sana'a. Hoton da aka bar taku ɗaya tsakaninsu, ita tana kallon ƙasa tana danne murmushi, shi yana satar kallonta, ya fi hoton runguma kyau nesa ba kusa ba. Rungumar kwaikwayo ce suka gani a waya, jikinsu ma yakan sandare a cikinta, kunyar kuwa tasu ce, kuma ba za su sake yin irinta ba bayan wata ɗaya da tarewa. Abin da kawai zan roƙe ku ku tsaya a kai shi ne kada a buga fuskokinsu a kofi da kalanda da jakar rabo, kada kuma a saki hoton a waya, sai an shafa fatiha. Wasiƙar ƙarshe a wannan fili za ta nuna muku dalili.

Tambaya daga wani ango, Tafo, Kumasi: Malam, a ina ya fi dacewa mu je, kuma da ƙarfe nawa? Mai hoton ya ce mu haɗu da sha biyun rana don ya samu ya je wani aikin.

Amsa: Ƙanena, sha biyun rana ta dace da aikinsa na gaba, ba ta dace da fuskarka ba. Ƙasarmu tana kusa da tsakiyar duniya, rana takan fito wajen ƙarfe shida ta kuma faɗi wajen shida duk shekara, da tsakar rana tana bisa kai sosai, kuma idan ta tashi faɗuwa ba ta jan lokaci. Haske mai kyau yana tsakanin shida da rabi da takwas na safe, sai kuma daga huɗu da rabi na yamma zuwa faɗuwarta. Ma'ana, idan amarya ta makara awa ɗaya a wurin mai kwalliya, abin da kusan kullum yake faruwa, rabin aikin ya tafi. Ka ce mata ƙarfe biyu idan kana nufin uku, ku yi sallar la'asar a kusa da wurin.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan tace rana ya ba da haske mai taushi da ke yi wa fuska kyau, amma sama takan zama fara ba armashi, ƙura kuma tana shiga kyamara duk lokacin da aka canza gilashi. Ku shafa man kaɗanya saboda leɓe da gwiwar hannu, amma kaɗan a fuska don kada ta yi ƙyalli. Da damina kuwa, awa ɗaya bayan an ɗauke ruwa ita ce mafi kyawun haske da na sani.

Game da wuri, a Kumasi akwai lambun itatuwa na jami'ar KNUST, akwai Rattray Park, akwai kuma tafkin Bosomtwe mai nisan kilomita 30 ko kusa da haka, wanda duwatsu suka kewaye shi. Idan can za ku, ku tuna Asantawa suna girmama tafkin, ku nemi izinin mutanen ƙauyen, ku kuma hauro kafin duhu domin hanyar gangare ce mai kwana-kwana. Mutanen Akra sukan hau Aburi, lambun da aka buɗe tun 1890, saboda jerin dogayen itatuwan da ke bakin shigarsa, ko su je lambun Legon, ko wajen hasumiyar Jamestown. Yawancin waɗannan wurare ana biyan kuɗin shiga, wasu kuma suna da kuɗi na daban ga mai babbar kyamara, saboda haka a tambaya tun kafin ranar. Ku nisanci barikin soja da gine-ginen tsaro. Masallaci kuma, ko na ƙasa da ke Kanda ko babban masallacin Kumasi, ba wurin hoton soyayya ba ne komai kyan gininsa.

In da ni za ka bi, da ka ware hoto biyar ko shida a tsakar gidanku na Tafo, a ƙofar ɗakin kakarka, da tsohon bangon da turmin da ke jingine. Otal ɗin da za ku ara na awa ɗaya ba ya cikin tarihinku, gidan nan kuwa wata rana za a rushe shi a yi bene.

Tambaya daga wani ango, Madina, Akra: Malam, an kawo mana hotunanmu, amaryata ta fito fara sol har mahaifiyata ba ta gane ta ba, kuma da muka buga babba sai ya fashe. Akwai gyara?

Amsa: Akwai, ɗana, muddin mai hoton bai share na asali ba. Ka koma ka ce ya sake gyarawa daga ainihin fayil ɗin, ya cire ƙurji idan akwai, amma ya bar mata launinta da ƙofofin fatarta. Ka fara tambayar amaryar dai a hankali, domin sau da yawa ita ce ta ce a yi hakan. Fashewar kuwa daga WhatsApp take, wanda yake matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto. Ya tura maka a matsayin takarda, ko ya sa maka a filashi. Hoton kyamara mai megafiksel 24 yana kai inci 20 a tsawo da 13 a faɗi ba tare da ya nuna wata alama ba.

Tambaya daga wata 'yar'uwa, Sabon Zango, Akra: Baba, mun yi hotunan kafin aure, daga baya Allah bai yi auren ba. Yanzu wani ya fito, amma hotunana da na farkon suna nan a shafin mai hoton na Instagram yana tallar aikinsa da su. Na yi masa magana sau biyu, ya ce hotunansa ne. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, Allah Ya sa hakan ne mafi alheri, Ya tabbatar da wannan na yanzu. Abin da ya yi miki ba ɗabi'ar sana'armu ba ce, kuma maganarsa ma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, wato doka mai lamba 690, ta ba wanda ya ba da aiki haƙƙin cin moriyarsa matuƙar ba a yi wata yarjejeniya da ta saɓa wa haka ba. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, da hukumar da aka kafa don karɓar ƙorafi a kanta, kuma hoton fuskarki yana cikin bayananki. Ki duba rasit ko saƙonnin da kuka yi da shi, ki ga ko akwai inda kuka amince ya yi talla da ku, ki kuma gano wanda ya biya kuɗin, ke ko tsohon saurayin, domin lauya zai fara tambayarki wannan.

Amma kada ki fara da hukuma, kada kuma ki sake zuwa ke kaɗai. Ki tura yayanki ko kawunki tare da wani dattijo da mai hoton yake jin nauyinsa, ko wanda ya koya masa aiki idan an san shi, domin a Zango kunyar ido ɗaya takan yi abin da takarda goma ba ta yi ba. Su nemi abu uku: ya sauke hotunan daga duk shafukansa, ya cire su daga allon shagonsa da albam ɗin da yake nuna wa masu zuwa, ya kuma share fayilolin a gabansu. Idan akwai na fim, su karɓo negatif ɗin, wanda shi aƙalla abu ne guda da za ki riƙe a hannu ki yi yadda kika ga dama da shi. Kafin su tafi ki ɗauki hoton shafin nasa da kwanan wata a jiki, saboda idan ya ƙi, da wannan za ki kai ƙara ga Instagram ta hanyar da suka tanada, da shi kuma za ki je wa hukumar. Wanda ya fito ɗin kuma gara ya ji daga bakin waliyyinki a wannan makon, kafin wani ya tura masa a waya.

Wannan karon, kafin a danna ko hoto ɗaya, ku rubuta a takarda ko a saƙon waya cewa ba za a saki komai ba sai da izininku, kuma sai bayan ɗaurin aure, ya amsa da kalmar amincewa, ki adana saƙon.